Daren Juma'a a Arena México, inda aboki ke juya wa aboki baya

Cinikin zoɓo ne ya kai ni Meksiko. Zoɓon nan da ake tsinka a gonakin Jigawa da Kano, a shanya, a ɗura a buhu, mai yawa daga cikin wanda ke fita waje can yake ƙarewa. Dafa shi suke yi su tace, su zuba sukari da ƙanƙara, kuma da wuya ka shiga gidan abinci ba ka tarar da shi cikin babban tulun gilashi ba. Maigidana ne ya tura ni in gana da masu karɓar kayanmu, in ji ta bakinsu a kan tsafta da launi da nauyin buhu. Daga Abuja na bi ta Istambul, daga can aka yi ta keta teku har ƙafafuna suka sage. Babban birnin ƙasar a kan tudu yake, fiye da mita 2,200 sama da teku, shi ya sa baƙo in ya hau bene da sauri sai ya ji numfashi na neman gagararsa. Farkon zuwana kusan kullum ina Central de Abasto, kasuwar sarin kayan abinci da ta kai girman gari guda.

Da aiki ya lafa, ɗan mai karɓar kayanmu, wanda shi ne tafintana don yana jin Turanci, ya tambaye ni abin da nake so in gani kafin in koma gida. Na ce kokawa. Muna yara akwai wani da ake nunawa a talabijin, Mil Máscaras, kullum da sabuwar fuska, yana tsalle daga kan igiya ya dira a ƙirjin ƙato, kuma sai da muka girma muka san ɗan Meksiko ne. Tafinta ya ce in dai kokawa ce, to sai an nemo kawunsa, wani dattijo da ya yi aikin tasi ya ajiye, wanda tun yana saurayi yake zuwa kallo.

Ran Juma'a da yamma muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuɗinsa feso biyar, muka sauka a tashar Cuauhtémoc, muka taka zuwa unguwar Doctores, wadda yawancin titunanta sunayen likitoci ne. Tun kafin ka hango ginin Arena México, gidan kokawar, za ka san ka iso. Rumfuna ne jere a bakin titi, an rataye hulunan fuska ɗaruruwa. Hular fuska ita ce jigon kokawar ƙasar nan: ana zura ta ta rufe kai duka har wuya, da hudar ido da hanci da baki, a ɗaure ta da igiya ta ƙeya yadda ake ɗaure takalmin ƙwallo. Na ɗauki wata na jujjuya. Kyalle ne mai sheƙi, an bi gefen idanu da fata an ɗinke, cikinta kuma an yi mata shafi mai laushi don kada ta ci fatar mutum. Akwai na yara masu arha, akwai na gaske da mai rumfa yake cirowa daga cikin leda sai ya ga alamar da gaske kake. Mai ruwan azurfa ta El Santo ce, shuɗiyar ta Blue Demon, fara mai zanen kifi ta Atlantis. Wajen abinci na yi taka-tsantsan, don naman da ake yanka daga tsinken nan mai juyawa na alade ne. Dafaffiyar masara na saya da lemon tsami da barkono, ta ishe ni.

An buɗe Arena México a 1956, tana ɗaukar mutum kusan dubu goma sha shida, kuma a cikinta aka yi damben gasar Olamfik ta 1968. Kamfanin da ke da ita, CMLL, Salvador Lutteroth ne ya kafa shi a 1933, har yau kuma bai daina shirya wasa ba. Ciki akwai iyalai sosai: kakanni da jikoki, magidanta da yara a kafaɗa, 'yan yawon buɗe ido da wayoyinsu. Akwai masu yawo da giya a manyan kofuna, akwai kuma ashar, irin wadda ake haɗawa da uwar mutum, dubban baki a lokaci guda. Wannan kam bai yi mini daɗi ba, musamman ganin ƙananan yara na amshi.

'Yan kokawar kashi biyu ne. Akwai tekniko, su ne jarumai masu bin doka da nuna gwaninta. Akwai rudo, su ne bosawa: tsokane ido, taron dangi, jan hular fuska, dukan mutum ta baya. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne bosawan ma suna da mutanensu. Can sama ga rukunin magoya bayansu da ganguna da ƙaho da ƙararrawa, ga na jarumai a nasu wurin, kowa ya san inda yake zama, kamar yadda 'yan Kudu da 'yan Arewa da Guramada suka san ɓangarensu a gidan dambe. Kawun tafinta ɗan ɓangaren bosawa ne tun fil azal, kuma bai ɓoye ba. Ya ce jarumi ado ne, amma bos ne yake riƙe da wasan.

Yawancin wasannin daren na haɗin gwiwa ne, bibbiyu ko uku-uku, kuma kaye biyu cikin uku ake nema. A na uku-uku kowane ɓangare yana da kyaftin: in an danne shi an ƙirga uku an ci zagayen, in ba haka ba sai an kayar da sauran biyun. Ba sai an taɓa hannu ake canji ba kamar yadda muka saba gani a na Amurka. Da zarar mutum ya faɗo waje, abokinsa ya shigo, shi ya sa wasan ke gudu ba tsayawa. Kowa kuma da shigar da ya ɗauka ya mayar da ita rayuwarsa: wannan kyanwa ne, wancan ƙwarangwal, wani waliyyi, wani aljani. Shigar ma gadonta ake yi gida-gida. 'Ya'yan Ray Mendoza su biyar duk Villano suke amsawa, na ɗaya har na biyar, jikoki kuma sun ɗora.

A wasa na uku ko na huɗu ne abin da ya tsaya mini a rai ya faru. Jarumai uku ne, biyu daga ciki sun fito da kaya iri ɗaya, ja da fari, alamar sun daɗe tare. A zagaye na biyu ɗayansu ya riƙe wani bos ta baya, ya banƙare masa hannuwa, ya kira abokinsa ya zo ya sakar masa ƙafa. Abokin ya taho a guje, bos ya sunkuya, ƙafar ta sauka a haɓar mai riƙon. Wurin ya ɗauki ihu. Mai dukan ya dafe kai da hannu biyu, ya durƙusa yana ba da haƙuri, wanda aka doka ya ture hannunsa. A zagaye na uku sai ga bosawa su uku sun tarar wa mai dukan nan a lungu suna tattaka shi. Abokinsa yana tsaye a gefen dandamali, hannunsa ɗaya a kan igiya. Bai shiga ba. Sunkuyawa ya yi yana gyara igiyar takalminsa, a hankali, har aka ƙirga uku. Wata tsohuwa a layin gabanmu ta miƙe tana nuna shi da yatsa tana faɗa, jijiyar wuyanta a tashe. Tafinta ya ce cewa take yi ta san uwarsa ba haka ta rene shi ba. Bayan an tashi, na ukunsu ya shiga tsakani, aka miƙa hannu, mai gyaran takalmi ya dubi hannun ya dubi jama'a, ya sauka ya yi tafiyarsa.

Na ce wa tafinta, “Tambayi Baba, shi ke nan sun rabu?”

Dattijon ya girgiza kai. “Gaya wa baƙonka ba yau ba. Mako mai zuwa za su shirya, su ci wasa, su rungumi juna. Na gaba a sake kuskure. Sai mutane sun gaji da zullumi tukuna.”

Babu wanda ke cikin ginin nan da bai san an tsara wasan ba, har tsohuwar. Amma fushinta na gaske ne, kuma ina ganin na gane dalili. Ɗan kokawa shi kaɗai in ya sauya hali, ya canza kaya ya fara zagin jama'a, abin bai wuce nan ba. Amma mutum biyu da aka shekara ana gani suna ceton juna, masu kallo sun riga sun ba da shaida a kan abotarsu, sun saya wa 'ya'yansu hulunansu guda biyu tare. Ranar da ɗaya ya doki ɗaya, har da masu kallon aka ci wa amana. Shi ya sa sauya sheƙa a kokawar haɗin gwiwa ta fi kowace iri zafi, shi ya sa kuma ba ta cin wuta sai an ɗau lokaci ana gina abotar da za a rushe.

A hutun da aka yi kafin manyan wasanni, dattijon ya ba mu labarin daren da ya ce bai ga kamarsa ba. El Santo, mai hular azurfa, shi ne gwarzon ƙasar gaba ɗaya. Ya yi finafinai sama da hamsin, da ya mutu a 1984 da hularsa aka binne shi. Ɗansa ya gaji hular da sunan El Hijo del Santo, kuma a idon mutane ɗan Santo ba zai taɓa zama mugu ba. Babban abokin gabarsa shi ne Negro Casas, wanda ya aske wa kai a Los Angeles a 1987 a wasan caca, hula a bakin gashi, wanda aka kayar ya rasa abin da ya sa. A ƙarshen 1996 Casas ya bar bosawa ya koma jarumi, tsofaffin abokansa Scorpio Jr. da Bestia Salvaje suka ce suna da abin mamaki da za su nuna masa. Daren wasan sai ga su sun fito da El Felino, ƙanen Casas uwa ɗaya uba ɗaya. Ana cikin jimamin ƙane ya bi maƙiyan wansa, sai mutumin ya tuɓe shigar kyanwar, hular azurfa ta bayyana a ƙasa. Ɗan Santo ne, ya afka wa Casas. Dattijon ya ce har dambe aka yi a cikin 'yan kallo a daren. Shi da yake ɗan ɓangaren bosawa, ya ce ya rasa murna zai yi ko baƙin ciki.

Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne yadda aka warware shi. A Satumban 1997 ɗan Santo ya sake aske Casas. Daga baya su Scorpio suka juya wa shi ɗan Santon baya, ya dawo yana neman shiri, Casas ya ƙi yarda da shi, kuma aka bar ƙin yardar nan ta ɗau lokaci, don duk mai hankali haka zai yi. A Maris na 1999 suka tsaya kafaɗa da kafaɗa a wannan dandamalin, suka cire wa Scorpio hula, suka aske Bestia. Fiye da shekara biyu ana jan zare ɗaya.

Cire hula ba ƙaramin abu ba ne a nan. Wanda ya rasa ta a caca, a gaban jama'a zai kwance igiyar, a faɗi sunansa na yanka da garinsu da shekarun da ya yi yana kokawa, kuma ba zai sake sa ta ba. Sau da yawa nan ne cin amanar abokai ke ƙarewa, shi ya sa masu shirya wasa ba sa wasa da ita.

Ni kuma na kawo zancen Eddie Guerrero, don shi mutanenmu suka sani a gidajen kallo, da motarsa mai tsalle da murmushinsa na maƙaryaci. Ashe a nan ya koyi mugunta. Mahaifinsa Gory Guerrero shi ne abokin haɗin El Santo a shekarun 1940, ana kiransu La Pareja Atómica. Da aka kafa kamfanin kokawa na AAA a 1992, sai aka haɗa 'ya'yan biyu, Eddie da ɗan Santo, aka ce ga abotar iyaye ta dawo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: wani Ba'amurke, Art Barr, ya yi ta zuga Eddie cewa yana zaune a inuwar ɗan Santo kamar yadda ubansa ya zauna a inuwar Santo. Eddie, haifaffen El Paso a Texas, ya juya wa abokinsa baya, ya sa kaya masu launin tutar Amurka. Shi da Barr sukan kwaikwayi iyo a gaban 'yan kallo, gorin masu tsallaka kogi su shiga Amurka. Ranar 6 ga Nuwamba 1994 aka yi ta ta ƙare a Los Angeles, gaban 'yan Meksiko mazauna can, saura kwana biyu a kaɗa ƙuri'a a California kan dokar hana baƙi marasa takardu makaranta da asibitin gwamnati. Hulunan ɗan Santo da abokin haɗinsa Octagón a bakin gashin Eddie da Barr. Barr ya soka kan Octagón a ƙasa da irin kayen da aka haramta a kokawar Meksiko, aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Wani ɗan kokawa, Blue Panther, wanda ke da tsohuwar ƙullalliya da Barr, ya faki idon alƙali ya rama masa da irin kayen. Ɗan Santo ya danne Eddie, aka aske su biyun. Kafin watan ya ƙare Barr ya mutu yana da shekara 28, kuma tsallen kwaɗon da Eddie ya yi suna da shi har ƙarshen rayuwarsa, na Barr ne ya ɗauka don tunawa da shi.

Duk wanda ya yi kallon resilin a wajenmu ya san irin wannan. Mun ga Shawn Michaels ya rungumi Marty Jannetty, ya ɗaga hannunsa, sannan ya sakar masa ƙafa ya wurga shi ta tagar gilashi a farkon 1992, bayan shekaru suna tare a matsayin The Rockers. 'Yan baya sun ga Seth Rollins ya ɗauki kujera ya maka wa Roman Reigns a gadon baya a 2014. Ana tuna waɗannan ne don an bar mu mun so su tukuna. Abin da ke ɓata mini rai da yawancin na yanzu shi ne gaggawa. A haɗa mutum biyu yau, bayan wata biyu a raba su, a sa ran mu ji ciwo. Ciwon me, alhali ko sunan haɗin nasu ba mu gama riƙewa ba?

Akwai kuma sauya sheƙar da jama'a ne suke tilasta ta. Tafinta, wanda yaro ne a kan kawunsa, nasa gwanayen su ne Los Ingobernables. Rush da La Sombra da La Máscara jarumai ne a takarda, kamfani na tura su gaba, amma mutanen Arena México suka yi ta yi musu ihun ƙi, don suna ganin girman kai a tattare da su. A 2014 su ukun suka haɗu suka rungumi ƙiyayyar, suka ce ba sa bin kowa, suna dukan jarumi suna dukan bos. Nan take kasuwarsu ta buɗe. Wani ɗan Japan, Tetsuya Naito, wanda shi ma mutanen ƙasarsa suka ƙi karɓa a matsayin jarumi, ya zo ya shiga cikinsu a 2015, ya koma gida da shigar ya zama ɗaya daga cikin manyan taurarin can. Kawun ya ce waɗannan ba bosawa ba ne, 'yan taurin kai ne kawai. Yaron ya ce, “Kawu, ai ku kuka mayar da su haka da ihunku.” Dattijon bai musa ba.

Bayan wasan ƙarshe mutane suka yi ta jefa kuɗi cikin dandamali, tsaba da takarda, alamar wasa ya yi kyau, 'yan kokawar na tsincewa suna zubawa a kofi.

Washegari Asabar suka kai ni Arena Coliseo a tsohon gari, kan titin República de Perú. Ta girmi Arena México, don tun 1943 take, kuma ƙarama ce, zagayayyiya, kujerunta sun yi sama a tsaye har suna kiranta mazurari. Daga inda muka zauna kana jin ƙarar tafin hannu a ƙirji da numfashin 'yan kokawa. A nan ne a Nuwamban 1952 El Santo, wanda a lokacin shi kansa bos ne, ya cire wa Black Shadow hula, aka san sunansa Alejandro Cruz. Cunkoson daren da yawan waɗanda suka rasa wurin shiga na cikin abin da ya sa aka gina Arena México. Black Shadow yana da abokin haɗi, Blue Demon, ana tallata su a matsayin 'yan'uwa. Shi Blue Demon ba juya baya ya yi ba, tsayawa ya yi ya ce sai ya rama wa ɗan'uwansa. Ramuwar nan ce ta mayar da shi jarumi a idon mutane, ya bi Santo ya doke shi, ya karɓe kambun duniya na ajinsu a 1953, ya riƙe har 1958.

Daga baya Santo ya koma jarumi shi ma, har suka yi finafinai tare, amma gardamar wanda ya fi wani ba ta mutu ba. A kanta muka fito daga Coliseo. Kawun ya ce Blue Demon ya fi iya kokawa nesa ba kusa ba, Santo farin jini kawai ya fi shi. Wani mai sayar da huluna a bakin ƙofa ya ji, ya ajiye cinikinsa ya shigo zancen, ya ce a je a ƙirga hulunan da kowannensu ya cire. Tafinta ya gaji da fassara ya bar ni ina bin hannuwansu da ido, har muka kai tashar Allende suna yi, mai hulunan ya biyo mu rabin hanya kafin ya tuna ya bar rumfarsa ba kowa.